Sony Pictures: yadda rashin wurin nuna fim ya zama jari

Tun da Disney ya haɗiye 20th Century Fox a 2019, manyan kamfanonin fim na Hollywood da ake lissafawa suka koma biyar: Disney, Universal, Warner Bros., Paramount da Sony Pictures. Huɗun farko kowanne yana da manyan tashoshin talabijin a Amurka, kowanne kuma ya gina manhajarsa ta kallo ta intanet, irin wadda mutum ke biyan kuɗin wata ya kalli abin da ransa ke so. Sony Pictures ne kaɗai bai shiga wannan rububi ba. Shi ne kuma kaɗai mai iyayen gida a wata ƙasa: ɗakunan ɗaukar fim ɗinsa suna Culver City a jihar California, amma hukuncin ƙarshe daga Tokyo yake fitowa.

Da ganin haka mutum zai ce shi ne mafi rauni a cikinsu, tunda shi ke yin kaya amma wurin baje kayan na wasu ne. A ganina wannan rashin shi ne ƙashin bayan kamfanin. Sau biyu a tarihinsa, a 1948 da kuma bayan 2019, abin da bai mallaka ba ya zame masa gobarar Titi. A tsakanin waɗannan lokuta kuwa, manyan kamfanoni biyu daga wata sana'a daban sun saye shi, kuma babu wanda lissafinsa ya fita yadda ya zata.

Asalinsa ɗan ƙaramin kamfani ne da wa da ƙane, Jack Cohn da Harry Cohn, suka kafa tare da abokinsu Joe Brandt a 1918 da sunan CBC Film Sales Corporation. A 1924 suka sauya masa suna zuwa Columbia Pictures. Mazauninsa a titin Gower ne, yankin da 'yan Hollywood ke yi wa laƙabi da layin talakawa, domin a nan ƙananan furodusoshi ke hayar wuri su haɗa fim mai arha cikin 'yan kwanaki. Jack yana New York yana kula da ciniki, Harry yana California a kan aiki, kuma shiri tsakaninsu kaɗan ne. A 1932 Brandt ya sayar da rabonsa, Harry ya haɗa kujerar shugaban kamfani da ta mai kula da shirya fina-finai, ya riƙe su biyun har rasuwarsa a 1958.

Kasuwar wancan zamani tana hannun kamfanoni biyar: MGM, Paramount, Warner Bros., Fox da RKO. Su ke shirya fim, su ke rarraba shi, su ne kuma masu manyan gidajen sinima na birane, inda kuɗin yake. Jarumai suna ɗaure da kwangila ta tsawon shekaru, suna karɓar albashi kamar ma'aikatan ofis. Mai ƙaramin gidan sinima idan yana son fim ɗaya mai kyau, dole ya karɓi tarkacen da aka haɗo masa da shi, wani lokaci tun ba a ɗauke su ba. Columbia da Universal da United Artists suna sahu na biyu: suna da hanyar rarraba fim, amma ba su da gidajen nunawa na a-zo-a-gani.

Harry Cohn mutum ne mai maƙo da baƙar magana, amma ya san abin da yake yi. Maimakon ya tara taurari yana ciyarwa, sai ya riƙa aro a wurin manyan. Fim ɗin da ya fitar da Columbia kunya, It Happened One Night na 1934, jaruminsa Clark Gable aro ne daga MGM, jarumarsa Claudette Colbert daga Paramount. Daraktan kaɗai, Frank Capra, shi ne ɗan gida. Fim ɗin ya kwashe manyan kyaututtukan Oscar guda biyar, abin da ba a taɓa yi ba kafin nan. Duk da haka, abin da ke biyan albashi a ƙarshen mako shi ne ƙananan fina-finan kaboyi da gajerun barkwanci da ake haɗawa da arha.

A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da gwamnati ta shigar a kan Paramount da sauran kamfanonin. Abin da ya biyo baya shi ne manyan biyar suka rabu da gidajen sinimarsu, aka kuma haramta cinikin nan na ɗauki-ɗaya-ka-haɗa-da-goma. Columbia yana cikin waɗanda aka yi ƙara, haramcin ya shafe shi, amma ba shi da gine-ginen da za a raba shi da su. Manyan kuwa sun rasa tabbacin wurin nunawa alhali ga tarin ma'aikata a wuyansu, ga 'yan kallo suna raguwa saboda talabijin ta shiga gidaje. RKO bai ga ƙarshen shekarun 1950 yana shirya fim ba. A wannan shekara ta 1948 Columbia ya buɗe reshen talabijin da sunan Screen Gems. Lokacin da sauran ke yi wa talabijin kallon kishiya, saboda tana kwashe musu masu sayen tikiti, shi ba shi da kujerun da za su zauna babu kowa. Sai ya shiga yi wa tashoshi shirye-shirye, yana kuma ba su hayar tsofaffin fina-finansa. A nan aka fara gane cewa fim ɗin da ya gama zagaye aka ajiye a rumbu bai mutu ba, dukiya ce da za a yi ta sayarwa.

Bayan Cohn, kamfanin ya yi ta faɗi-tashi. A farkon shekarun 1970 bashi ya kusa durƙusar da shi, har a 1972 ya bar titin Gower ya koma raba fili da Warner a Burbank. Wani kamfanin hada-hadar kuɗi na New York, Allen & Company, ya shigo a 1973 ya ɗora sababbin shugabanni. A 1977 jarumi Cliff Robertson ya ga takardar haraji tana cewa Columbia ya biya shi dala 10,000 da bai taɓa gani ba. Allura ta tono garma: shugaban sashen fim, David Begelman, shi ya kwaikwayi sa hannunsa a kan cek. Rigimar da ta biyo baya a majalisar daraktoci ta ci kujerar babban shugaba Alan Hirschfield a 1978, shi da ya nace sai an hukunta mai laifin.

Coca-Cola ya sayi Columbia a 1982 a kan kusan dala miliyan 750. Mutanen da suka saba da kayan da ake iya hasashen cinikinsa na baɗi tun bana, sai ga su a sana'ar da babu mai iya cewa ga abin da zai faru ranar Juma'a mai zuwa idan sabon fim ya fito. Abin da suka yi na hangen nesa a fannin talabijin ne: a 1986 suka sayi kamfanin Merv Griffin a kan dala miliyan 250, wanda ya zo da shirye-shiryen gasa biyu, Jeopardy! da Wheel of Fortune, da har yau suke kawo kuɗi. A zamaninsu ne kuma aka kafa kamfanin fim na TriStar Pictures tare da tashoshin HBO da CBS, shi kuma TriStar ya sayi gidajen sinima na Loews a 1986. A 1987 Coca-Cola ya haɗe kayan gaba ɗaya a kamfani mai zaman kansa, ya riƙe kashi 49 cikin ɗari, alamar yana neman hanyar fita.

Mai sayen ya fito daga Japan, kuma dalilinsa yana cikin labarin kaset. Duk wanda ya yi zamanin bidiyo a Kano ko Damagaram, VHS ya sani, kuma a kansa aka haifi fim ɗin Hausa na bidiyo. Amma Sony ne ya riga kowa kasuwa da nasa samfurin, Betamax, a 1975, wani kamfanin Japan, JVC, ya biyo da VHS a 1976. A wannan shekarar Universal da Disney suka kai Sony kotu, suna cewa na'urar da ke naɗar shirin talabijin kayan satar fasaha ce. Shari'ar ta kai 1984, Kotun Ƙoli ta ba Sony gaskiya da alƙalai biyar a kan huɗu. Abin dariyar shi ne, kafin ƙarshen shekarun 1980 kuɗin da Hollywood ke samu daga kaset ɗin da ya so kashewa ya zarce na tikitin sinima. Sony ya ci shari'a amma ya faɗi a kasuwa, har a 1988 shi ma ya fara ƙera na'urar VHS.

Darasin da Akio Morita, ɗaya daga waɗanda suka kafa Sony, da Norio Ohga, shugaban kamfanin a lokacin, suka ɗauka shi ne: da a ce suna da rumbun fina-finai nasu, da sun tilasta wa kasuwa bin Betamax. Ina da ja a kan wannan fahimta. VHS ya yi nasara ne saboda kaset ɗinsa na farko yana ɗaukar awa biyu, na Betamax awa ɗaya, kuma JVC ya buɗe wa kamfanoni da yawa ƙofar ƙera na'urarsa. Fina-finan kamfani ɗaya da wuya su juya wannan. Amma darajar kuɗin Japan ta yi sama a lokacin, kadarorin Amurka sun yi musu arha. A 1988 Sony ya sayi kamfanin waƙa na CBS Records a kan dala biliyan 2, a 1989 ya sayi Columbia a kan dala biliyan 3.4, ban da bashin da ya gada. Amurkawa da yawa abin ya yi musu ciwo. Mujallar Newsweek ta buga hoton matar nan mai riƙe da fitila, tambarin Columbia, sanye da tufafin gargajiya na Japan.

Sony ba shi da mutumin da ya san Hollywood, don haka ya ɗauko furodusoshi biyu da ke tashe, Peter Guber da Jon Peters, waɗanda ba su taɓa riƙe babban kamfanin fim ba. Ya sayi kamfaninsu a kan dala miliyan 200. Ashe suna da sabuwar kwangila da Warner. Warner ya shigar da ƙarar neman diyyar dala biliyan 1, kuma kafin a sasanta sai da Sony ya ba shi rabin kamfanin sayar da faifai na Columbia House, ya kuma bar masa rabonsa na filin Burbank ya karɓi tsohon filin MGM a Culver City, wanda sai da ya ci maƙudan kuɗi wajen gyara. A 1991 aka raɗa wa rukunin suna Sony Pictures Entertainment. An yi facaka, fina-finai masu tsada sun faɗi, Peters ya tafi a 1991, Guber a 1994. A Nuwambar 1994 Sony ya sanar da zaftare dala biliyan 2.7 daga darajar abin da ya saya, ga kuma wata asarar ta sama da dala miliyan 500. Matsushita, mai Panasonic, wanda ya sayi Universal a 1990 da irin wannan tunani, ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa a 1995 ya kama gabansa. Sony ya daure, ya ɗauko John Calley a 1996, tsohon hannu, aka fara samun natsuwa.

Shin fim ya taɓa sayar wa Sony na'ura? Sau ɗaya dai ana iya cewa e. A yaƙin faifan Blu-ray, wanda Sony ke goya wa baya, da HD DVD na Toshiba, Sony ya jagoranci masu jarin da suka sayi MGM a 2005, ya kuma sa Blu-ray a cikin na'urarsa ta wasan bidiyo, PlayStation 3. Toshiba ya janye a Fabrairun 2008. Amma abin da ya yanke hukunci shi ne komawar Warner ɓangaren Blu-ray wata ɗaya kafin nan, kuma a lokacin Netflix ya riga ya fara nuna fim ta intanet tun 2007. An ci yaƙin faifai a daidai lokacin da faifan ke shirin barin gari.

Yau Sony Pictures reshe ɗaya ne a cikin Sony Group, tare da na wasannin PlayStation, da na waƙa, da na kayan lantarki, da na ƙananan idanun kyamara da ake sawa a wayoyi. Cinikinsa ɗan sama da kashi ɗaya cikin goma ne na cinikin rukunin. A cikin gida an raba shi uku: fina-finai, shirye-shiryen talabijin, da tashoshi. Sashen fina-finai, wanda Tom Rothman ke jagoranta tun 2015, yana da tambura da yawa, kuma mai kallo kan ɗauka kamfanoni ne daban-daban. Columbia ke ɗaukar manyan fina-finai masu cin kuɗi. TriStar na matsakaita ne. Screen Gems, da aka farfaɗo da sunansa a 1998, yana yin na ban tsoro da na faɗa masu arha. Sony Pictures Classics, tun 1992, yana sayen fina-finan ƙasashen waje da na masu zaman kansu. Akwai Sony Pictures Animation na katun, akwai Affirm Films na masu kallo Kiristoci. Kowane tambari yana da shugabansa, da iyakar kuɗin da zai iya kashewa, da irin 'yan kallon da yake farauta. Wannan rabo hanya ce ta watsa haɗari, don kada faɗuwar babban fim ɗaya ta tafi da shekara.

A ƙarƙashinsu duka kuwa hanya ɗaya ce ta kai fim kasuwa, wato Sony Pictures Releasing da ofisoshinsa na ƙasashe, sai dai Classics da ke tafiyar da nasa a Amurka. A nan ƙarfin yake. Kowane mai kuɗi zai iya shirya fim. Abin da ba kowa ke iyawa ba shi ne sa shi a dubban gidajen sinima a ƙasashe da dama a mako guda, da tallata shi, da karɓo kuɗin. Furodusoshin Kano da suka yi zamanin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ke yanke wa fim farashi ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan. Gidan sinima yana riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, a Sin ma kamfanin Amurka kusan kashi ɗaya cikin huɗu yake samu. Daga abin da ya rage mai rarrabawa ke cire ladansa da kuɗin talla, wanda a babban fim yakan kai dala miliyan ɗari ko fiye. Saboda haka fim da yawa ba ya mayar da uwar kuɗi a sinima. Ribar tana zuwa daga baya, mataki-mataki: haya da saye ta intanet, sannan tasha ko manhajar da ta biya don ta riga kowa nunawa, sannan ta biyu, sannan tashoshin kyauta, shekara da shekaru.

Babbar kadarar sashen fim ba ma tasa ba ce gaba ɗaya. A 1999, lokacin da Marvel, kamfanin littattafan labarai masu zane, ke farfaɗowa daga karayar arziki, Sony ya sami haƙƙin yin fim da Spider-Man. Na farko a 2002 ya tara sama da dala miliyan 800. Disney ya sayi Marvel a 2009, sai aka wayi gari littafin da kayan wasan yara suna gidan Disney, haƙƙin fim yana gidan Sony. A 2015 suka daidaita: Marvel ya taya shirya fim, jarumin ya riƙa fitowa a fina-finan Disney, Sony ya ci gaba da rarraba nasa. An ɓata a 2019, aka shirya cikin 'yan makonni, domin kowa ya ga asarar rabuwa. Na 2021 ya tara kusan dala biliyan 1.9. Wannan sulhu na 2015 ya zo ne 'yan watanni bayan masu kutse sun fasa kwamfutocin kamfanin a Nuwambar 2014, suka watsa wasiƙun shugabanni da albashin ma'aikata. Gwamnatin Amurka ta ɗora laifin a kan Koriya ta Arewa, saboda wani fim na barkwanci a kan shugabanta, kuma abin ya ci kujerar Amy Pascal, shugabar sashen fim na Sony.

Sai zamanin manhaja. Ba wai Sony bai gwada ba: yana da manhajar Crackle tun 2007, ya sayar da mafi yawansa a 2019, ya kuma rufe PlayStation Vue, manhajarsa ta kallon tashoshi ta intanet, a farkon 2020. Doka ma ta taƙaita wa baƙi mallakar tashoshin da ke watsa shiri ta iska a Amurka, don haka bai taɓa samun irin ABC ko NBC ko CBS ba. Daga Nuwambar 2019 zuwa 2021 manhajojin sauran huɗun, wato Disney+, HBO Max, Peacock da Paramount+, suka fito. Kowanne ya janye fina-finansa daga hannun masu haya don ya cika tasa manhajar, wato ya bar kuɗin da ke hannu yana jiran na gobe. Disney ya yi asarar kusan dala biliyan 4 a wannan fanni a shekarar kuɗi ta 2022 kaɗai. Sony ya tsaya a gefe yana sayar wa kowa. A Afrilun 2021 ya ƙulla yarjejeniya da Netflix cewa fina-finansa na sinima daga 2022 can za su fara sauka a Amurka bayan sun bar sinima, a watan kuma ya ƙulla wata da Disney don zagaye na biyu. Sashen talabijin haka yake tun da: The Crown na Netflix, The Boys na Amazon, The Last of Us na HBO, duk da hannun Sony a ciki. Na ƙarshen nan daga wasan PlayStation aka ɗauko shi. Haɗin gwiwar da Morita ya yi mafarki ya tabbata, amma ta fuskar labari, ba ta fuskar na'ura ba.

Inda Sony ya yarda ya riƙe masu kallo da kansa, wuri ne ƙunƙuntacce da yake ganin zai fi kowa. A 2021 ya sayi Crunchyroll, manhajar katun ɗin Japan, daga AT&T a kan dala biliyan 1.175. A Indiya yana da tashoshi tun 1995, kodayake haɗewarsa da Zee ta leƙo ta koma a Janairun 2024. Bayan kotu ta soke dokokin 1948 a shekarar 2020, ya sayi jerin gidajen sinima na Alamo Drafthouse a Yunin 2024, ƙaramin abu idan aka gwada da Loews da ya taɓa gada, wanda ya haɗe da wani kamfani a 1998 ya kuma karye a 2001.

Zaman mai sayarwa yana da nasa farashi. Yana da daɗi ne muddin masu saye suna da yawa suna ture juna, kuma kullum haɗewa suke yi suna raguwa. Sony ba ya sanin wa ya kalli fim ɗinsa ko a ina ya tsaya, wannan bayani yana hannun mai manhaja. Idan kuma abu ya yi tashin gwauron zabi, wanda ya saya shi ke cin moriyar. Sony Pictures Animation ne ya shirya KPop Demon Hunters, amma a ƙarƙashin yarjejeniyar da aka yi a zamanin korona, lokacin da sinima ba ta da tabbas, Netflix ya ɗauki nauyin kuɗin ya biya Sony ladansa. Fim ɗin ya fito a Yunin 2025, kafin ƙarshen Agusta ya zama fim ɗin da aka fi kallo a tarihin Netflix. Da kamfanonin kayan wasan yara, Mattel da Hasbro, suka zo neman izinin ƙera 'yan tsanarsa, da Netflix suka yi cinikin.